Jon Postel: Mutumin da ya riƙe kundin adireshin intanet har ya koma ga Mahaliccinsa

Duk ɗalibinmu da ya zo Maleshiya yin digiri na biyu ko na uku a fannin kwamfuta, da wuya ya tsallake darasin tsarin sadarwar kwamfutoci. A zangon farko ake cin karo da shi, kuma shi ne ke fara nuna wa mutum cewa iya amfani da intanet daban, sanin yadda aka gina ta daban. Ni ma a nan Kuala Lumpur na yi wannan darasi, yanzu kuma nakan taimaka wa ƙannenmu sababbin zuwa idan jarrabawa ta matso. Abin da na lura da shi shi ne, in ka tambaye su su wa suka gina intanet, za su kawo maka Vint Cerf da Bob Kahn, wasu su ƙara da Tim Berners-Lee. Amma sunan da ke rubuce a saman takardun da ake ɗora darasin kacokan a kansu, wato J. Postel, kusan babu mai ambatonsa. Shi ya sa na ga ya dace yau in kawo wa masu karatu tarihin wannan bawan Allah, da dalilin da ya sa aikinsa ya shafe mu, daga Gombak har Ƙofar Mata.

Tasowarsa da karatunsa

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a garin Altadena na jihar Kalifoniya a Amurka. Ya yi sakandare a makarantar Van Nuys da ke yankin Los Angeles, makarantar da Vint Cerf da Steve Crocker su ma suka yi. Ikon Allah, su ukun nan duk sai da suka sake haɗuwa a jami'a guda, a kan aiki guda. Postel ya yi digirinsa na farko a fannin injiniya a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, ya gama a 1966. Ya yi na biyu a 1968, sannan ya kammala na uku a kimiyyar kwamfuta a 1974.

A lokacin yana ɗalibi ne hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka, ARPA, ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin wasu jami'o'i da cibiyoyin bincike, aikin da aka sa wa suna ARPANET. UCLA ce ta karɓi na'urar farko, a ƙarƙashin Farfesa Leonard Kleinrock. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka aika saƙon farko daga can zuwa cibiyar SRI da ke kusa da Jami'ar Stanford. Haruffa biyu kacal suka isa, L da O, sai na'urar ta tsaya. Kafin shekarar ta ƙare wurare huɗu ne a haɗe: UCLA da SRI da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara da Jami'ar Utah.

Ga wani abu da nake yawan tuna wa ɗalibai. Kamfanin da aka ba kwangila ya ƙera na'urorin da ke ɗaukar saƙo, amma yadda kwamfutocin da kansu za su gaisa su fahimci juna, ɗaliban digiri na biyu da na uku aka bar wa su san yadda za su yi. Sa'o'inmu ne a lokacin, ba manyan furofesoshi ba. Postel na cikinsu.

Takardun neman ra'ayi

Da yake su ɗalibai ne, suna tsoron kada a ce sun yi wa manya shisshigi, sai Steve Crocker ya sa wa rubuce-rubucensu suna mai ƙanƙan da kai, ma'anarsa takardar neman ra'ayi, a taƙaice RFC. Ta farko ta fito ranar 7 ga Afrilu, 1969. Kowa na iya rubuta tasa, a ba ta lamba, a raba wa sauran su duba. Da Crocker ya koma wani aiki a farkon shekarun 1970, Postel ne ya karɓi gyaran takardun da ba su lamba, kuma bai ajiye wannan aiki ba sai da mutuwa ta raba. Kafin rasuwarsa takardun sun haura 2,400, kuma sama da 200 a cikinsu shi ya rubuta, ko shi kaɗai ko tare da wani.

Bayan UCLA ya ɗan yi aiki a cibiyar MITRE, ya kuma yi a SRI, sannan a 1977 ya koma Cibiyar Kimiyyar Bayanai ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wato ISI, da ke Marina del Rey. A nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Waɗanda suka zauna da shi sun siffanta shi da mutum mai dogon gemu da gashi, mai yawo da takalmi sandal, mai magana a hankali, wanda hutunsa shi ne ya saɓa jaka ya shiga duwatsu da ƙafa. Amma in aka zo kan rubutu ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. In takardarka ba ta fito fili ba, zai dawo maka da ita komai girmanka.

Abin da ya sa aka raba aikin hawa-hawa

Bari in ɗan tsaya a nan, don wannan ne zuciyar darasin da ɗalibai ke shan wuya a kai. A ce ɗan kasuwa a Kantin Kwari yana so ya aika kaya masu yawa zuwa Maraɗi. Maimakon ya ɗauki hayar mota guda, sai ya raba kayan ƙunshi-ƙunshi, ya rubuta adireshi a kan kowanne, ya kai tasha. Wani ƙunshin ya bi ta Katsina da Jibiya, wani ya bi ta Daura. Direba ba ruwansa da abin da ke ciki, adireshi kawai yake dubawa. A can Maraɗi kuma akwai wakili mai ƙirga ƙunshin, ya jera su bisa lamba, in ɗaya bai iso ba ya aiko a sake turowa. To haka intanet take. Aikin direba shi ne IP, aikin wakilin nan mai ƙirga kuma shi ne TCP.

A 1974, lokacin da Cerf da Kahn suka wallafa tsarinsu, ayyukan nan biyu a cakuɗe suke cikin ƙa'ida guda. A watan Agusta na 1977 Postel ya rubuta wata takarda yana mai cewa an ɗora wa abu guda aiki biyu, kuma hakan ya saɓa wa tsarin gini hawa-hawa. Bayan muhawara, a 1978 aka raba su. Amfanin rabawar kuwa babba ne. Ba kowane saƙo ke buƙatar wakili mai ƙirga ba. In kana kiran gida ta WhatsApp daga nan, ƙarfe 10 na dare a wajenka, ƙarfe 3 na rana a Kano, kuma wani guntun muryarka ya ɓace a hanya, babu amfanin a tsaya a sake aiko shi, gara maganar ta ci gaba. Don irin wannan Postel ya rubuta ƙa'idar UDP a watan Agusta na 1980, a takarda mai lamba 768. Shafi 3 ce kacal, kuma har yau da ita ake aiki.

A Satumba 1981 ya fitar da takardu uku a jere: 791 a kan IP, 792 a kan saƙonnin sanar da matsala, 793 a kan TCP. A cikin ta 791 ne aka tsayar da cewa adireshin kowace na'ura zai zama mai gurbi 32, abin da ya ba da adireshi wajen biliyan 4.3. A ciki ne kuma aka sa wa kowane ƙunshi wata lamba mai raguwa duk lokacin da ya ratsa wata tasha, in ta kai sifili a zubar da shi, don kada ɓataccen ƙunshi ya yi ta zagaye har abada. Ta 793 kuwa ita ta bayyana gaisuwar nan mai mataki uku da na'urori biyu ke yi kafin su fara magana: wannan ya yi sallama, wancan ya amsa tare da tasa sallamar, na farko ya tabbatar ya ji. A 1982 ya rubuta ƙa'idar aika imel, SMTP, a takarda ta 821. Shi da abokiyar aikinsa Joyce Reynolds suka rubuta ta Telnet a 1983 da ta tura fayil a 1985. Shi ne kuma ya rubuta jadawalin sauya ARPANET baki ɗaya zuwa sabuwar ƙa'idar, sauyin da aka sa wa wa'adin 1 ga Janairu, 1983.

Akwai wata shawara da ya saka a waɗannan takardu wadda yanzu ake kira dokar Postel. Ma'anarta: abin da za ka aika ka tsaftace shi bisa ƙa'ida, abin da aka aiko maka kuma ka yi haƙuri da shi in dai za ka iya gane nufinsa. Wannan ta taimaka ƙwarai a farko, lokacin da kowace jami'a ke rubuta manhajarta, kurakurai kuma sun yi yawa. Sai dai daga baya masana sun nuna cewa yawan haƙuri da kuskure kan sa kuskuren ya zauna ya zama doka, kuma ta nan ɓarayin intanet ke samun kafa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2023 an fitar da takarda ta 9413 a kan wannan batu. Ni dai abin da na fahimta shi ne, shawarar ta dace da zamanin da masu amfani da hanyar duk sun san juna. Yau da maƙiyi ke cikin layi, dole a rage haƙurin.

Mai riƙe da kundi

Duk wannan gini ba zai tsaya ba sai an samu mai hana rikicin lamba. Kwamfuta biyu ba za su ɗauki adireshi guda ba, kuma dole kowa ya yarda cewa ƙofa ta 25 ta imel ce, ta 53 ta neman suna ce, ta 80 ta shafukan yanar gizo ce. Tun 1972 Postel ya ba da shawarar a samu mutum guda ya riƙe wannan jeri, aikin kuma ya faɗo kansa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka fara kiran aikin da suna IANA, amma shekara da shekaru in an ce IANA, Postel da Reynolds da 'yan abokan aiki kaɗan ake nufi. Kamar mai unguwa ne da ke riƙe da littafin filaye: bai mallaki fili ko ɗaya ba, amma in littafinsa ya ruɗe, unguwa ta ruɗe.

Da kwamfutoci suka yi yawa, fayil guda da cibiyar SRI ke rabawa mai ɗauke da sunayen duk na'urori ya gaza. Paul Mockapetris, abokin aikin Postel a ISI, shi ya tsara tsarin sunaye na DNS a 1983. A Oktoba 1984 Postel da Reynolds suka fitar da takarda ta 920, wadda ta jera .com da .edu da .gov da .mil da .org, ta kuma tanadi haruffa biyu-biyu ga ƙasashe.

Ta nan labarin ya iso gare mu. A 1987 aka ba Maleshiya .my. Shekara 2 kafin nan ƙasar ta kafa cibiyar MIMOS, wadda ta fara haɗa jami'o'i da wata hanya mai suna RangKoM, sannan a 1992 ta buɗe JARING, kafar intanet ta farko a ƙasar. Nijeriya ta samu .ng a 1995, Nijar kuma .ne a 1996. Duk a zamanin da kundin ke hannun Postel ne. A Maris 1994 ya rubuta takarda ta 1591, inda ya shimfiɗa sharuɗɗa biyu da nake ganin kowane ɗalibinmu ya kamata ya sani. Na farko, wanda aka damƙa wa sunan ƙasa amintacce ne, aikinsa yi wa al'ummar ƙasar hidima, maganar mallaka ba ta taso ba. Na biyu, shi da ofishinsa ba za su shiga yanke hukuncin wace ce ƙasa wace ce ba ƙasa ba, jerin da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar mai lamba 3166 za su bi. Da wannan ya kauce wa rigingimun siyasa da yawa.

Tsarin nasa na da rauni, kuma mu ma mun ɗanɗana. Yawanci wanda ya fara nema kuma aka ga zai iya shi ake ba wa, ko malamin jami'a ne ko wani injiniya. A ƙasashe da dama hakan ya haifar da jayayya daga baya, lokacin da aka gane darajar abin. A Nijeriya an daɗe ana ja-in-ja a kan wa zai riƙe .ng, na'urorin da ke ɗauke da shi ma sun yi shekaru a ƙasashen waje, har sai da aka kafa ƙungiyar NiRA a 2005. Haka kuma rabon adireshi: waɗanda suka zo da wuri, jami'o'i da kamfanonin Amurka, sun kwashi manyan kaso. A Fabrairu 2011 rumbun IANA na tsofaffin adireshi ya ƙare, kuma yankin Asiya da muke zaune shi ya fara shiga matsi a Afrilun shekarar. Shi ya sa ake ta matsa wa kowa ya koma sabon tsari na IPv6.

Rigimar 1998

Da kuɗi suka shigo, zaman lafiya ya ƙare. A 1995 aka ba kamfanin Network Solutions izinin karɓar dala 50 a shekara a kan kowane suna na .com da .net da .org. Nan take tambaya ta taso: wa ke da iko da tushen sunayen intanet, gwamnatin Amurka da ta biya kuɗin binciken, ko kamfanin da ke riƙe da babbar na'urar, ko masanan da suka gina abin? Postel da Ƙungiyar Intanet ta Duniya, wadda shi ne mambanta na farko, sun goyi bayan wani shiri na ƙara sunaye da raba cinikin, aka sa hannu a kansa a Janiba a 1997, amma gwamnatin Amurka ba ta karɓa ba. A Yunin wannan shekarar ƙungiyar ta yi babban taronta na shekara a nan Kuala Lumpur, lokacin da gwamnatin Mahathir Mohamad ke tsakiyar gina Cyberjaya, rigimar sunaye kuma tana kan ganiyarta.

Ranar 28 ga Janairu, 1998, Postel ya yi abin da har yau ake gardama a kansa. Tushen sunayen intanet na kan manyan na'urori 13, guda ce uwa, sauran 12 daga gare ta suke kwafa, uwar kuma tana hannun Network Solutions. Sai ya aika imel ga masu kula da 8 daga cikin 12 ɗin, ya ce su koma kwafa daga wata na'ura da ke ƙarƙashin IANA. Suka bi, ba don wata doka ba, don sun yarda da shi. Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba, domin bayanan iri ɗaya ne. Ira Magaziner, mai ba Shugaba Bill Clinton shawara, ya umarce shi ya mayar da komai yadda yake, ya kuma mayar. Postel ya bayyana abin a matsayin gwaji. Wasu sun ɗauke shi a haka, wasu kuma na ganin nuna wa gwamnati ya yi inda ikon yake. Kwana biyu bayan imel ɗin gwamnatin Amurka ta fitar da daftarin shirinta na sake tsarin baki ɗaya.

A nawa ganin, wannan lamari ya nuna ƙarfin tsarin Postel da iyakarsa a lokaci guda. Mutum guda ya iya juya tushen intanet da wasiƙa ɗaya saboda amanar da ya tara cikin shekara kusan 30. Amma abin da duniya ta dogara da shi bai kamata ya rataya a kan halin mutum guda ba, komai kirkinsa, don mutum mai mutuwa ne. Shi kansa ya shafe watanninsa na ƙarshe yana aikin tsara ƙungiyar da za ta gaje shi. A Satumba 1998 aka kafa ICANN. Ranar 16 ga Oktoba, 1998, Postel ya rasu a Santa Monica sakamakon matsalar da ta biyo bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa a matsayin takarda ta 2468, a cikin jerin da marigayin ya yi rayuwarsa yana gyarawa. Gwamnatin Amurka kuwa ba ta saki sa idon da take yi a kan aikin IANA ba sai 1 ga Oktoba, 2016.

Abin da ya rage mana

Ƙungiyar Intanet ta Duniya ta kafa lambar yabo da sunansa a 1999, don masu yi wa sadarwa hidima ta tsawon lokaci. A 2007 Farfesa Nii Quaynor na Gana ya karɓe ta, a 2012 kuma Pierre Ouédraogo na Burkina Faso. Ka ga ke nan makwabtanmu sun riga sun shiga sahu, kuma ta hanyar irin aikin nan ne da ba a cika yi masa tafi ba: horar da injiniyoyi, riƙe rajista, zaman kwamiti.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman malaman jami'o'inmu da kwalejoji da TETFund ta turo nan, shawarata ita ce kada mu tsaya a taƙaitaccen bayanin da malami ke haskawa a allo. Takardun nan kyauta suke a intanet. A fara da ta 768, zama guda ya isa a gama ta. A bi da 791, sannan 793 tare da ta 9293 da ta maye gurbinta a 2022. In an gama, a buɗe kwamfuta a sa umarnin traceroute zuwa shafin wata jami'ar gida, a ƙirga tashoshin da ƙunshin ke ratsawa. Sau da yawa za ka ga ya bi ta Singafo, ya shiga Turai, kafin ya gangaro Legas, wani lokacin ma ka tarar shafin jami'ar tamu a Turai ko Amurka yake zaune. A nan tambayar bincike ta gaske take, wadda za ta amfani Zariya da Sakkwato da Maraɗi in an koma gida.

Ga sauran masu karatu kuma, 'yan kasuwa da masu makarantu da ƙungiyoyi, in za ku buɗe shafi ku tuna cewa .ng da .ne amana ce da aka ware wa al'ummarku tun shekarun 1990. Yawan amfani da su shi ke ba ku bakin magana a kan yadda ake tafiyar da su. Ita ma takarda ta 1591 ba doguwa ba ce, kuma duk wanda aka taɓa ba riƙon kuɗin ƙungiya ko rajistar masallaci ko littafin adashi zai gane abin da take faɗa ba tare da ya san kwamfuta ba.